Maharbiyata ba za ta mutu a kan gadar nan ba

Auta,

Na tafi ganin likitan ido. Ban tashe ka ba don kada bakina ya faɗi abin da zan yi nadama.

Abin da ka yi mini jiya a wasanmu na labari bai yi ba. Kai ke jan labarin, na yarda, amma ba kai ka haife ni ba. Maharbiyata tana kan gada, 'yan fashi masu sulke sun yo kanta, saura ƙiris su kashe ta, sai ka ce wai bakanta mai kunama irin ta bindiga sai an ɓata zagaye guda na wasan ana ɗana shi. Yayarka kuwa da bakanta na hannu tana sakin kibiya biyu kowane zagaye, ko gajiya babu. Kuma wai raunin da suke yi ɗaya ne!

Na tambayi dalili, ka ce, "Mama, haka littafin ya ce." Mutum ne ya rubuta littafin dokokin wasan nan, kuma da gani bai taɓa jan tsarkiya ba. Ƙarfin da ake sawa wajen ɗanawar, ina yake tafiya in ba cikin kibiyar ba?

Ga dokar gidan nan daga yau: zan jira zagayen, amma kibiyata ta huda sulke. Ka gaya wa yayarka da kanka, na san tsoron bakinta kake yi.

Kada kowa ya taɓa teburin wasan. Ƙwayoyin ludon da muke jefawa suna cikin jakata, sai ka amince za su fito.

Mamanka