Ƙyallen Teburina a Gaban Motar Baba

Lahadi, bayan isha'i

Yau Baba ya gyara motarsa, ni kuwa ya ɓata min aikin sati uku.

Tun bazara rana ta gasa ledar dashbod ɗin, ta kumbura ta tsage, soso yana zuba a cinyar duk wanda ya zauna gaba. Da safe ya sayo gam a kasuwar Funtua ya liƙe ta, amma munin bai ɓuya ba, sai ya shiga ɗaki neman abin rufawa. Duk tsummokaran gidan nan bai ga na ɗauka ba sai ƙyallen teburin da na yi wa furanni da zare, wanda zan miƙa wa Malama Hadiza gobe, jarrabawarmu ta ɗinki!

Ya manna shi, har ya yanka masa ƙofar iska da reza. Sannan ya kira ni yana murna.

"Uwata, zo ki ga aikinki! Ko motar ciyaman albarka."

Inna ce ta gaya masa na jarrabawa ne. Ya ɗaga gefe ɗaya, soso ya biyo ƙyallen. Sai ya ce, "Ai da sauƙi. Gobe in kai ki makaranta, Malamar ta leƙo ta duba."

Motar da sai an tura take tashi, a gaban 'yan ajinmu! Na ce to. Me zan ce?

Ɗazu na fita da almakashi na datse zaren da ya zarce a furen hagu. Malama tana rage maki a kan wannan.