Lambobin Kande

Vom, 4 ga Mayu, 1997

Yaya Adama,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Baba. Kwas ɗinmu na kiwon lafiyar dabbobi saura wata biyu.

Na ga lambobin sukarin Kande da kika aiko, kuma hankalina bai kwanta ba. Kyanwar da na bari tana samun sauƙi, yaya za a yi awonta ya haura ɗari huɗu kullum, alhali na sa kin ƙara mata allura? Yaya, ki gaya mini gaskiya. Kina tsaga kunnenta ki ɗiga jinin a na'urar awon sukari, ko zama kike ki rubuta abin da ya zo bakinki? Na san ba ƙaunarta kike ba, amma ita kaɗai Inna ta bar mana mai numfashi.

Ƙanwarki,
Maijidda

Limancin Kona, 15 ga Mayu

Maijidda,

Wa'alaikumus salam. Lallai yarinyar nan, boko ya sa kin raina ni. Ni ce zan yi ƙarya a kan mage? To ji, tun satin farko ta yage mini hannu, na ce ba da ni ba. Baba ya karɓi aikin, don a cinyarsa kaɗai take kwanciya. Bayan asuba yake shiga zaure da ita ya sakaya ƙofa, ya fito ya faɗa mini lamba, ni kuwa in rubuta. Allura dai ni ke yi, kwalbar maganin na nan cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa.

Jiya ta yi ta tangaɗi har ta faɗi, sai da na shafa mata zuma a dasashi. In akwai mai laifi, ke da kika ce a ƙara ce.

Yayarki,
Adama

Vom, 24 ga Mayu

Yaya,

Ki yi haƙuri da zafin bakina. Amma kyanwar da sukarinta ya yi sama ba ta farfaɗowa da zuma. Ki koma tsohon awon allura yau. Sannan ki duba gefen kunnuwanta da kyau, kada Baba ya sani.

Maijidda

Limancin Kona, 2 ga Yuni

Maijidda,

Salam. Na duba, kunnuwa sumul, ko ɗigon tabo babu. Da safe na leƙa ta tagar zaure. Kande na barci a cinyarsa, shi kuwa yatsansa yake sokawa. Da na tura ƙofa ko kunya bai ji ba. Wai ba zai tashi gaban Allah da hakkin dabba ba, kullum a huda mata kunne. Ya ce: "Ai kwano ɗaya muke ci da ita, abin da ke jinina shi ke jininta."

Maijidda, lambobin nan duk nasa ne. Sai yanzu na lura rigunansa sun yi masa yawa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Na ambaci asibiti, ya ce shi da ya shekara saba'in bai taɓa kwana can ba, kada in sake. Tsoro nake ji.

Adama

Vom, 9 ga Yuni

Yaya,

Ina tafe ranar Laraba. Kada ki ƙara yi masa maganar asibiti. Ki ce masa likita na son ganin Kande, kuma ba ta yarda kowa ya ɗauke ta sai shi.

Maijidda