Yadda Na Kusa Kashe Intabiyu da "Lafiya Lau"

Zuwa ga Yaya Hadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya da buɗi, ya tsare ku a Fatakwal. Mu nan Ajingi ƙalau muke, ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita unguwa.

Yaya, ranar Laraba na je Gaya intabiyun aikin malamar gona, a ƙungiyar nan mai raba irin gyaɗa. Mu tara ne, mutum ɗaya ake nema. Tambayoyin da ka turo mini kwana biyar ina haddarsu, har Inna ta ce ko allo ban yi wa wannan nacin ba. To, ko ɗaya ba a yi mini ba.

Wani dattijo na tarar, Malam Datti, ba takarda a gabansa. Ya tambayi mutanen gida, na ce lafiya lau. Ya tambayi damina, na ce alhamdu lillahi. Ya ce yaya gyaɗa bana, na ce ta yi kyau, alhali ka san rabinta fanko ne. Ai ba a kai wa babba kuka a gaisuwa. Ina zaune ina jiran a fara, sai na ga ya kalli ƙofa zai kira na gaba. Nan na gane ashe gaisuwar ce intabiyun.

Na ce, "Malam, gafarta mini, amsar gaisuwa na ba ka. Gyaɗa ba ta yi ba."

Ya gyara zama. Na gaya masa irinsu ya iso bayan an gama shuka, kuma maza suke tarawa a yi wa bayani, alhali mata ne ke ɓare gyaɗa su zaɓi iri a cikin gida. Muka shafe kusan awa guda muna hira.

Jiya suka kira, ni aka ɗauka. Wallahi ina alfahari da kaina, ba zan ɓoye maka ba. Taron manoma na farko a garinmu zan yi shi. Baba, da ya shekara arba'in yana noma, ya ce a ajiye masa wuri a sahun gaba, zai zo ɗaukar karatu.

Ka gaida Anti Kubura da su Hure. Inna da Baba suna sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Naja'atu