Kyamarar da Shanelle ta zaɓa

Baban Salote,

Na fita kana barci, kada motar Lautoka ta wuce ni.

Sabuwar kyamararka ta ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa tana cikin bokiti a bayan ɗaki. Jiya da ka fito daga teku ka yar da ita kan tebur da gishirinta, ni na jiƙa ta a ruwan famfo. Kada ka buɗe murfin batir sai ta bushe sarai.

Tun a shago na ce ka ɗauki mai ruwan ɗorawa, ko ta kuɓuce maka a ruwa za ka hango ta. Ka ce bari ka ji ta bakin Shanelle, tunda ita ke kai baƙin otal ɗinku nutso. Ina tsaye kamar 'yar rakiya ka kira ta. Ta ce shuɗiya, ka ɗauki shuɗiya. Shuɗiya fa, a cikin teku.

Da safen nan na duba hotunan. Ka ce don kunkurun teku ka saye ta. Ban ga kunkuru ba. Na ga Shanelle tana gyara tabarau, Shanelle tana dariya, Shanelle tana nuna maka duwatsun murjani a ƙasan teku. Ni da na bi ku jirgin ruwa da abincinku, sau ɗaya na fito, shi ma ƙafata ce a gefe. Ban goge ko ɗaya ba, wannan aikinka ne.

Akwai rogo da kifi a tukunya. In ka rasa wanda za ka fara ci, kira Shanelle.

Mereoni