Kwalbar da Na Zuba a Humrar Ilham

Zuwa ga ƙanena Rashid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da na ɗora maka karatu a kan gajiyar aiki. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ka, bakina ya ƙi, shi ya sa na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo maka. Ina fatan kuna lafiya da sanyin Faransa, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan Birni lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je Mirriya gaisuwa. Bikin 'yarmu Ilham yana nan ranar Asabar.

Akwatin da ka aiko ya iso, Allah ya saka da alheri. A cikin turarukan da na roƙe ka don humrar amarya na tarar da wata kwalba cikin kwali mai tsawo, ruwanta kamar zuma. Ka san ba na karanta Nasaranci. Na buɗe na shinshina. Rashid, shekara talatin ina haɗa turare ban taɓa jin irinsa ba. Farko hayaƙi, kamar ruwan sama ya kashe wutar icce, sai dabino, sai wani abu kamar tsohon akwatin katako na Inna. Na ɗiga masa ruwa in ga ko zai yi fari, sai ƙamshin ya ƙara buɗewa. Na taɓa a harshe kamar yadda nake gwada kowane turare. Ya yi zafi, ya sauka, ya bar zaƙi ya daɗe. Na ce lalle ƙanena ya kashe ni da alheri. Na juye shi duka a kan farce da sandal na haɗin humrar.

Jiya Mai Nasara, aminin maigidana da ya yi aikin otel a Yamai, ya ga kwalbar a bakin randa na wanke zan sa man gyaɗa. Ya juya ta, ya dube ni, ya tambayi wa ke sha a gidan nan. Ya ce wiski ce, giyar ƙasar Ekos can Turai, ta sha'ir zalla, daga masana'anta ɗaya, ta shekara goma sha biyu cikin gangar icce. Wai masanta ba sa kwankwaɗa, sai su shinshina, su ɗiga ruwa, su taɓa a harshe. Abin da na yi ke nan, ban bar ko ɗaya ba. Na wanke baki har ya yi ciwo. Na yi istigfari, amma in na tuna ƙamshin har yanzu ba na jin ƙyamarsa, wannan ya fi komai tsorata ni.

Ga inda na rasa zama. Na riga na ɗiba wa mata bakwai, har da uwar ango. Suna shafawa, suna salla da tufafin. Maigida ya ce in yi shiru, ai turaren kanti ma da alkol, sinadarin giya. Ni zuciyata ba ta karɓa ba, wannan don sha aka yi ta. Ina so in tambayi malam, in bi gidajen nan in karɓo abina kafin Asabar. Amma kowa ya san kai ka aiko kayan, ni na yi ta yabonka da bakina. Duk ƙofar da na shiga, sunanka zan ajiye a can.

Don haka ka gaya mini gaskiya. Kayan wani ne suka shiga naka, ko ba ka san mece ce ba, ko taka ce? Ko wanne ne, ni yayarka ce, ba zan kai wa Inna ba. Amma ba zan shirya maka ƙarya ba, kuma ba zan bar su suna salla a haka ba.

Ka gaida Maryama, da Mahamud da Fanta. Inna da Ilham suna gaishe ku.

Don Allah ka amsa mini kafin Alhamis. Ran nan zan sa mayafi in fita.

Yayarka,
Barira