Saura Unguwarmu

Bogota, a watan da laka ta binne garinmu shekara arba'in baya.

Ƙanwata Hermelinda,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar taki, ya jikoki? Ni lafiya lau. Sanyin nan ya ɗan kama mini ƙirji, amma ki daina aiko cewa in dawo.

Kullum ina ɗakin karatun jami'a ina zayyana garinmu gida-gida, ana naɗar muryata. Yamile mai kula da wurin, wadda ke rubuta mini wannan, ta ce suna raba muryar da aka naɗa ga jami'o'in duk ƙasashen da ke jin Sifaniyanci. Na ce, "Yarinya, ni da ban san harafi ba, ni za a riƙa arona kamar littafi?" Ta ce, "Baba Eusebio, har layi ake yi."

Wata malama a Meziko ta saurara, ta ji na ambaci Nicanor mai gyaran takalma. Ashe mahaifinta ne, tana jaririya aka ciro ta daga laka. Ta bugo waya tana tambayar halinsa. Na ce dariyarsa har bakin kogi ake jin ta.

Saura unguwarmu, wadda nake ta kauce wa. Ki sa ni a addu'a. Gobe da safe zan fara daga ƙofar Mama.

Yayanki,
Eusebio