Kifayen Nan Ba Roƙo Suke Yi Ba

Mama,

Na fita aiki kina barci. Cikin kifaye huɗun da na zuba a akwatin gilashi jiya, ɗaya ya mutu. Na tarar da shi ya taso saman ruwa, ciki a kumbure, ga ɓarɓashin burodi ko'ina. Na san tausayinki ne, tunda na ji kina ce musu baƙi.

Mai kifin ya ce abinci sau ɗaya a rana ya ishe su, kuma na riga na ba su. Jan kifin nan ma ya fara karkacewa. Don Allah ko sun yi ta buɗe miki baki, kar ki ba su komai. Numfashi suke yi.

Ki yafe min, na tafi da burodin.